Baƙi da fari a tsofaffin fina-finan ban tsoro: rina su gyara ne ko ɓarna?

0. Gabatarwa

Tambayar da ta haifar da wannan ɗan nazari daga cikin aji ta fito. A darasin ilimin alamomi (sémiologie) da muke ba ɗaliban shekara ta uku, mun saba nuna guntayen fina-finai domin a gwada a kansu abin da aka karanta game da harshe. Wata rana mun nuna wurin da inuwar Nosferatu take hawa matakala, sai wani ɗalibi ya ce hoton ya yi kyau, amma da an sa masa kala da ya fi haka ban tsoro, tun da a yau kwamfuta tana yin wannan aiki cikin ƴan mintoci. Aji ya rabu biyu, lokaci kuma ya ƙare ba a daidaita ba.

Ba mu ɗauki maganar ɗalibin a matsayin wauta ba. Manyan kamfanoni sun kashe kuɗi masu yawa bisa wannan tunani, kotuna sun yi shari'a a kansa, kuma abin da ke cikinsa ya shafi duk wani tsohon hoto da yake ajiye, har da namu. Saboda haka za mu fara da gabatar da hujjar masu son launi da duk ƙarfinta, sannan mu duba abin da kamara ta gani lokacin da aka ɗauki waɗannan fina-finai, da aikin da inuwa take yi a cikinsu, da launin da wasunsu suka zo da shi tun asali. Daga ƙarshe za mu auna gwaje-gwaje biyu da aka riga aka yi, da hukuncin da ya biyo baya. Mun ba da sunayen fina-finan da Faransanci, kamar yadda mafi yawan masu karatunmu suka san su.

1. Hujjar masu son launi

Masu son a rina tsofaffin fina-finai suna cewa duniya da launi take. Ƴan wasan da suka tsaya gaban kamara a 1922 ko a 1931 suna da launin fata, tufafinsu suna da launi, ɗakin ma haka nan. Na'urar zamanin ce ta kasa riƙe shi, ko kuma kuɗin kamfani ne bai kai ba. Wanda ya maido da launin, in ji su, bai ƙara kome daga kansa ba, ya cike giɓin da talauci ya bari ne kawai. Suna ƙarawa da cewa matasa ba su haƙurin kallon baƙi da fari, gara a ba su fim a rine da a bar shi ya ruɓe a cikin gwangwani.

Mai nazarin harshen Hausa zai ga kamar ya san wannan hujja. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Idan muka rubuta «fari», kalmomi huɗu muka haɗa cikin siffa ɗaya: fari launi, fari na rashin ruwan sama, fari jam'in fara, da fari mai ma'anar farko. A bakin mai magana kowace daban take. Takarda ce ta haɗe su. Masanin da ya zo ya ɗora alamomin kari da na tsawo bisa rubutun bai ɓata kome ba, ya maido da abin da yake nan ne tun can. To, me zai hana a ce launi a fim kamar kari yake a rubutu?

Wannan kwatanci shi ne mafi ƙarfi da muke iya samar wa wancan ɓangare, kuma a kansa za mu yi gardama. Kwatancin yana tsayawa ne bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, a ce abin da aka bari yana da amsa guda wadda za a iya tambayar mai harshe ya faɗa. Na biyu, a ce mai magana bai canza furucinsa ba saboda ya san takarda ba za ta riƙe kari ba. Za mu ga cewa a fim duka sharuɗɗan biyu sun faɗi.

2. Abin da kamara ta gani

Fim ɗin baƙi da fari yana auna yawan haske ne, ba irinsa ba. Wani ja da wani kore suna iya fitowa da toka iri ɗaya sak, kuma babu wata dabara da za ta duba tokar nan ta faɗi da tabbaci daga wane launi ta fito. Ma'aikacin shekarun 1980 yakan zaɓi launuka ne ga hoton farko na kowace fitowa, kwamfuta ta bi sauran hotunan da su. Manhajar yau, wadda aka horar da ɗimbin hotuna, tana zaɓar launin da ya fi yawan zuwa da irin wannan siffa. Dukansu kintace ne, na biyun ya fi sauri kawai. Sharaɗin farko ke nan ya tafi: babu mai harshen da za a tambaya.

Sharaɗi na biyu ya fi muhimmanci. Masu shirya waɗannan fina-finai sun san abin da kamara take gani da abin da ba ta gani, sun kuma shirya kome domin idonta. Har wajen ƙarshen shekarun 1920 ana yawan amfani da fim da ake kira orthochromatique, wanda ba ya jin ja, yana mai da shi baƙi. Daga baya panchromatique, mai jin dukan launuka, ya maye gurbinsa. Kowannensu yana da irin kwalliyar da ta dace da shi. A Frankenstein na James Whale (1931), Jack Pierce, mai yi wa ƴan wasa kwalliya a kamfanin Universal, ya shafa wa Boris Karloff wani mai mai launin kore-kore da toka-toka, domin shi ne yake fitowa a allo da farin fuskar gawa. Mai rini da ya zo gaban wannan fuska yana da hanya biyu, kowace kuma ƙarya ce. In ya bi abin da yake gaban kamara ya ba mu koren dodo wanda ba a taɓa nufin mai kallo ya gani ba. In ya bi abin da ake gani a allo ya ƙago launin da bai taɓa wanzuwa ba.

Haka zancen jini. A Psychose na Alfred Hitchcock (1960) da La Nuit des morts-vivants na George Romero (1968), ruwan cakulan aka zuba a matsayin jini, saboda kaurinsa da duhunsa sun fi fitowa da kyau. Launin gaskiya na wannan jini ruwan ƙasa ne.

Misalin da ya fi kowane gamsar da mu shi ne Docteur Jekyll et M. Hyde na Rouben Mamoulian (1931), wanda ya sa Fredric March ya sami kyautar Oscar. A wurin da likitan yake rikiɗa, fuskarsa tana yin duhu, idanunsa suna zurmawa a gaban mai kallo ba tare da an yanke hoto ba. Asirin, wanda Mamoulian ya daɗe bai tona ba, shi ne an yi wa March kwalliya mai launi, an kuma sa gilasai masu launi gaban kamarar Karl Struss. Jar kwalliya ba ta fitowa idan an ɗauke ta ta cikin jan gilashi. Da zarar an canza gilashin zuwa wani launi sai ta bayyana baƙa. Wato da launi aka yi dabarar, amma ba ta aiki sai ga kamarar da ba ta ganin launi. A nan ba za a ce rashin launi giɓi ne ba, tun da shi ne kayan aikin.

Ashe kwatancinmu na kari bai hau ba. Mai maganar da muka kwatanta da shi ya san takarda kurma ce ga kari, ya kuma sāke kalmominsa gaba ɗaya domin su dace da kurmancinta.

3. Inuwa da nahawunta

Saussure ya koyar da cewa darajar alama (valeur) daga matsayinta cikin tsari take zuwa, wato daga hamayyarta (opposition) da sauran alamomi. Tsarin da fina-finan nan suke magana da shi yana da iyaka biyu, haske da duhu, da matakan toka a tsakaninsu. Duk bambancin da mai shiri yake son nunawa, na rai da mutuwa, na ciki da waje, na mutum da abin da ba mutum ba, a kan wannan tsani ɗaya dole ya ɗora shi. Ƙuncin tsarin ne ya sa kowane mataki ya yi nauyi.

A Jamus aka fara kafa wannan nahawu. A Le Cabinet du docteur Caligari na Robert Wiene (1920), masu tsara ɗakuna, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, sun zana inuwa da haske da fenti bisa bango da daɓe, ta yadda inuwar ba ta bin fitila, tana bin hankalin mai ba da labari ne, wanda daga baya aka nuna mana a gidan mahaukata. A Nosferatu na F. W. Murnau (1922), a daren ƙarshe, ba Max Schreck muke gani yana hawa zuwa ɗakin Ellen ba, inuwarsa ce, da dogayen yatsu. Inuwar hannun ce kuma take sauka bisa ƙirjin matar ta damƙe zuciya. A wani wurin, lokacin da keken doki yake ratsa daji zuwa gidan dodon, Murnau ya juya hoton, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, domin a san an ƙetare iyakar duniyar mutane. Juyin nan yana da ma'ana ne saboda iyakokin biyu ne tak. Lotte Eisner ta yi bayanin wannan makaranta a littafinta L'Écran démoniaque (1952).

Nahawun ya yi ƙaura zuwa Amurka tare da masu shi. Karl Freund, wanda ya riƙe kamara a Le Dernier des hommes (1924) da Metropolis (1927), shi ne ya ɗauki Dracula na Tod Browning (1931), inda aka haska ƴan ƙananan fitilu cikin idanun Bela Lugosi, sauran fuskar tana cikin duhu. Shi ne kuma ya shirya La Momie (1932). Amma a ganinmu inda abin ya kai ƙololuwa shi ne La Féline (1942), wanda Bafaranshe Jacques Tourneur ya shirya wa Val Lewton a kamfanin RKO, da kamarar Nicholas Musuraca. Simone Simon ta fito a matsayin Irena, ƴar ƙasar Sabiya mazauniyar New York, wadda take tsoron za ta rikiɗa damisa idan zuciyarta ta motsa. A wurin da ya fi shahara, Alice, wadda Irena take kishi da ita, tana cikin tafkin wanka na ƙarƙashin gida ita kaɗai. Hasken ruwa yana rawa a bango, ana jin gurnani, wata inuwa tana wucewa wadda ba a iya cewa ta dabba ce ko ta ruwa. Aka kunna fitila, sai ga Irena tsaye tana murmushi. Daga baya aka tarar da rigar wankan Alice a yayyage.

Mu lura da abin da rini zai yi wa wannan wuri. Launi yana raba abubuwa, yana ba kowanne suna: wannan ruwa ne tun da shuɗi ne, wancan bango ne. Tsoron wurin kuwa ya dogara ne da kasa rabawa. Akwai kuma matsalar aiki: launi ba ya kama baƙi ƙirin, ba ya kama fari fat, a toka kaɗai yake zama. Mai rini yakan ja duhu zuwa tsakiya domin launinsa ya sami wurin zama, sai kusurwar da aka ɓoye da gangan ta buɗe, mai kallo ya ga babu kowa a ciki. Lewton kuɗi kaɗan aka ba shi, gaskiya ne, kuma rashin kuɗin yana cikin abin da ya tura shi ga inuwa. Amma bayan an gina gida bisa wannan harsashi, cire harsashin ba taimako ba ne.

Wani abin lura, ga mu masu cewa baƙin ciki da farin ciki, baƙin jini da farin jini: a waɗannan fina-finai sau da yawa fari ne abin tsoro. Kan Nosferatu fari ne, fuskar dodon Frankenstein fara ce, abin rufe fuskar Édith Scob a Les Yeux sans visage na Georges Franju (1960) fari ne sol, makewayin da aka yi kisa a Psychose fari ne tas. Farin likkafani ne, ba na salla ba. Da an ɗiga masa ɗan launin fata sai ya koma na mai rai.

4. Launin da ya zo tun asali

A nan wajibi ne mu gyara wani kuskure da masu kare baƙi da fari suke yawan yi. Mutanen da suka kalli Caligari a 1920 da Nosferatu a 1922 ba baƙi da fari suka gani ba. A zamanin fim marar sauti ana tsoma fim cikin rini, kamar yadda marini yake tsoma zane cikin baba, kowace fitowa da nata launi: shuɗi ga dare, rawaya ga rana ko ɗaki mai fitila, ruwan hoda ga alfijir. An ɗauki wuraren dare na Nosferatu da rana tsaka, ana dogara ga shuɗin rini ya mai da su dare. Kwafin da suka tsira, bayan matar Bram Stoker ta ci shari'a a 1925 aka ba da umarnin a lalata fim ɗin, sun daɗe suna yawo ba rini. A cikinsu ana ganin dodon ɗauke da akwatin gawarsa yana ratsa gari cikin hasken rana, alhali ƙarshen labarin duka ya rataya ne bisa cewa hasken rana yake kashe shi. Gyaran da gidauniyar Murnau ta sa aka yi a 2006 ya maido da rinin bisa shaidar tsohon kwafi, aka kuma yi wa Caligari irin wannan aiki a 2014.

Wannan kam shi ne ɗora alamar kari bisa rubutu: akwai amsa guda, akwai shaida, kuma ma'ana tana gyaruwa. Bambancinsa da rinin kwamfuta a fili yake. Rinin asali ba ya ƙoƙarin kwaikwayon duniya. Launi ɗaya ne bisa dukan hoto, yana aiki kamar ɗafin da yake nuna lokaci a jimla, yana kuma barin tsanin haske da duhu yadda yake.

Akwai mataki na gaba. A Le Fantôme de l'Opéra (1925), wurin rawar masu rufe fuska an ɗauke shi da Technicolor mai launi biyu, Lon Chaney ya sauko matakala cikin jajayen tufafi. A Le Portrait de Dorian Gray (1945), fim ɗin baƙi da fari ne, zanen da yake ruɓewa kaɗai ake nunawa da launi. A Le Désosseur de cadavres na William Castle (1959), jini ja wur yake cika bahon wanka a cikin hoton da saura duk toka ne. Troubetzkoy zai kira wannan launi ɓangare mai lamba (terme marqué): ƙarfinsa daga ƙarancinsa yake. Idan aka rina fim ɗin gaba ɗaya, bambancin ya shafe (neutralisation), jan ya zama ɗaya daga cikin launuka goma. Abin mamaki ke nan, ƙara launi ya kashe launi.

Ba za mu wuce ba tare da nuna wata kama ba, ko da yake kama ce kawai. Berlin da Kay, a nazarinsu na 1969, sun nuna cewa harshen da yake da sunayen launi biyu kaɗai, na duhu da na haske ne, wanda ya sami na uku kuma ja ne. A Hausa fari da baƙi da ja su ne suka fi shiga karin magana da sarrafa harshe, yayin da ruwan toka, ruwan goro da ruwan ƙasa aro ne daga sunayen abubuwa. Fim ɗin ban tsoro ma, duk lokacin da ya nemi launi na uku, ja ya fi nema.

Launi ba abokin gabar tsoro ba ne. Tun 1932 da 1933 Michael Curtiz ya yi Docteur X da Masques de cire da Technicolor. A Ingila kamfanin Hammer ya fito da Frankenstein s'est échappé (1957) da Le Cauchemar de Dracula (1958), na Terence Fisher, tare da Peter Cushing da Christopher Lee, inda jan jini bisa farar riga ya zama sabon harshe. Mario Bava ya yi Le Masque du démon (1960) da baƙi da fari, ya koma launi a Les Trois Visages de la peur (1963), ya kuma ƙware a duka biyun. Suspiria na Dario Argento (1977) in an cire masa launi ya mutu. Da yawanmu mun san haka da idonmu, domin a ƙananan telebijin marasa kala muka fara kallon fina-finai masu launi, muna jin ana zancen jar riga ba mu ganinta. Hammer ba su rina fim ɗin Whale ba. Sun sake yin nasu daga tushe, da tsarinsa.

5. Gwaje-gwaje biyu

Tarihi ya yi mana gwaji sau biyu. Na farko La Nuit des morts-vivants ne. Saboda kamfanin da ya rarraba shi ya manta da sanya alamar haƙƙin mallaka lokacin da aka canza masa suna, fim ɗin ya zama na kowa a Amurka, kowa kuma ya yi abin da ya ga dama da shi. An rina shi a 1986, aka ba matattun koriyar fata. An sake a 1997, aka ba su ruwan toka. An kuma sake a 2004. Saɓanin da yake tsakanin waɗannan kwafi ya isa shaida cewa babu amsa guda. Amma ɓarnar ta fi haka zurfi. Tsoron fim ɗin yana cikin cewa daga nesa ba a iya bambanta matacce da mai rai: mutumin da yake tafe a maƙabarta a farkon fim kamar kowa yake. A ƙarshe kuma Ben, jarumin, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa (baƙar fata ne, ya kuma taɓa zama a Nijar a tsarin musayar masana kafin ya shiga wasan), ya tsira har safiya, sai mutanen da suka fito farautar matattu suka hango shi ta taga suka harbe shi. Shin kuskure suka yi, ko ba su damu su duba ba? Fim ɗin ya fito a Oktoba 1968, wata shida bayan kashe Martin Luther King, ya kuma rufe da hotuna tsayayyu masu kama da na jarida. Idan matattu kore ne, farkon fim ɗin ya tona asirinsa da wuri, tambayar ƙarshen kuma ta rage ƙarfi, kamannin jarida ya tafi.

Na biyu Psychose ne. Hitchcock ya saba da launi tun La Corde (1948), ya yi Sueurs froides (1958) da La Mort aux trousses (1959) da shi. Da ya zo Psychose ya koma baƙi da fari, da ma'aikatansa na telebijin da kuɗi kaɗan. A 1998 Gus Van Sant ya sake ɗaukar fim ɗin da launi, yana bin na farko kusan hoto bayan hoto, da ƙwararren mai kamara, Christopher Doyle. Wannan ya fi kowane rini adalci, tun da launin na gaske ne. Duk da haka bai sami karɓuwa ba, ga masu kallo ko ga masu sharhi. Ba za mu ɗora wa launi dukan laifin ba, ƴan wasa sun canza, zamani ya canza. Sai dai a wurin kisan makewayi ana ganin bambancin sarai. A na farko, baƙin ruwa yana juyawa cikin magudana, hoton ya narke ya zama ƙwayar idon matacciya: da'ira biyu baƙaƙe, ɗaya cikin ɗaya. A na biyu jan jini yana janye ido zuwa ga raunin, kamar da'irorin kuma ta yi rauni.

6. Abin da shari'a ta ce

Rikicin ya yi zafi bayan Ted Turner ya sayi rumbun fina-finan MGM a 1986 ya shiga rina su domin telebijin. King Kong na 1933 ma an rina shi a 1989. A 1987 masu shirya fina-finai irin su Woody Allen da Sydney Pollack sun kai kuka majalisar dokokin Amurka. Dokar 1988 da ta biyo baya ta kafa rajistar fina-finan ƙasa, amma ba ta hana rini ba, domin a can kamfani ne mai fim. A Faransa aka yanke ta wata hanya. Magadan John Huston, wanda ya rasu a 1987, sun yi ƙara domin a hana tashar La Cinq nuna rinannen Quand la ville dort (1950). Ranar 28 ga Mayu 1991 kotun ƙoli (Cour de cassation) ta ba su gaskiya bisa haƙƙin mai aiki na a kiyaye mutuncin aikinsa (droit moral), kotun Versailles kuma ta kammala shari'ar a 1994. Fim ɗin na ƴan fashi ne, amma hukuncin ya shafi kowane iri.

Adalci ya sa mu ambaci Ray Harryhausen, gwanin motsa dodanni, wanda da kansa ya sa ido aka rina wasu fina-finansa na shekarun 1950 wajen 2007, yana cewa da ma da launi ya so yin su. Wannan mai harshe ne da aka samu da rai aka tambaya, ba mu da ja a kansa. Murnau, Whale, Tourneur da Musuraca ba su bar irin wannan wasiyya ba. Kuma masu shirya fim na baya-bayan nan, da launi a hannunsu kyauta, suna komawa baƙi da fari da gangan: Mel Brooks a Frankenstein Junior (1974), Robert Eggers a The Lighthouse (2019).

7. Kammalawa

Amsarmu ga ɗalibin ita ce: launi ba zai ƙara wa waɗannan fina-finai tsoro ba, rage shi zai yi, saboda an tsara kwalliyarsu da fitilunsu da dabarunsu domin idon da yake auna haske kaɗai. Mun bambanta abubuwa uku da ake yawan haɗawa. Maido da rinin asali bisa shaida gyara ne, wajibi ma ne. Sake yin fim da launi sabon aiki ne, a auna shi da ma'auninsa. Ɗora launin kintace bisa aikin da aka gama kuwa sauya magana ne a bakin wanda ba ya nan balle ya musa.

Saura hujjar matasa. Ba mu raina ta ba, amma abin da muka gani a aji bai goyi bayanta ba: ɗaliban da suka yi dariya a mintocin farko na La Féline sun yi tsit a wurin tafkin. Abin da suke bukata ɗaki mai duhu ne, da kwafi mai kyau, da wanda zai nuna musu inda za su duba. Hatsarin kuma yana nan kusa da mu. Kwafin da ya fi yawo a wayoyi shi yake zama na gaskiya a idon jama'a, kuma manhajar da ta rina Nosferatu ba za ta tsaya ga fina-finan Turai ba. Cabascabo na Oumarou Ganda, wanda aka nuna a Cannes a 1969, baƙi da fari ne, haka nan hotuna masu yawa na shekarun farko na ƴancin kai. Manhajar da ba ta taɓa ganin rinin marinanmu ba ita za ta zaɓi launin rigunan iyayenmu, jikoki kuma su ɗauka haka suke. Muna ba da shawarar duk rumbun da yake riƙe da irin waɗannan hotuna ya ajiye na asali yadda yake, ya kuma rubuta a fili bisa kowane rinannen kwafi cewa launinsa ƙari ne, da sunan wanda ya ƙara da shekarar da ya yi.